Za a Hau Bisa

Ku da kuke tsayawa a ƙofar shagona da salula a hannu, kuna cewa in ɗauke ku aparanti, ƴan koyon aiki, na wata ɗaya ku ƙware, ku sami wuri ku zauna. Mai sauri kuma ga hanya nan. Abin da kuke faɗa a bayan idona duk yana dawo mini. Wai aikin kamera ba aiki ba ne: ka huda bango, ka ɗaura ƙusa, ka haska salula a jikin kwali, hoto ya fito, ka miƙa hannu a sallame ka. Ɗayanku ma ya ce ya gani a bidiyo, wani Bature ya haɗa tasa kafin shayinsa ya huce. Ban musa ba. Sai dai Baturen nan ba a Zangon Damagaram ya haɗa ta ba, bangonsa ba na ƙasa ba ne, kuma ba a ɗauke masa kuran, wutar lantarki, yana tsakiyar aiki ba.

Sunana Ila, amma in kuka tambaya a kasuwa sai kun ce Ila Mai Tsani za a gane. Sunan bai zo a banza ba, da ɗaukar tsani na fara. Ubangidana Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, ɗan gidan magina ne a cikin Birni. Da parabol ta shigo Damagaram, farantin nan na kama tashoshin tele, sai ya lura masu hawa soro sun fi masu gina shi samu, ya wanke hannunsa daga laka ya koma kafa faranti. Amma tarbiyyar magina bai bar ta a ƙasa ba, da ita ya hau. Na daɗe a wurinsa ban taɓa ko turnabis na juya ƙusa ba. Aikina tsani da murya. In muka isa gida, kafin a jingina tsani, sai in bi katangun maƙwabta ɗaya bayan ɗaya in ɗaga murya: "Salamu alaikum masu gida, za a hau bisa." Ba mai ɗora ƙafa sai an amsa daga ciki an ce a hau. In an gama an sauke tsani, in sake bin katangun in ce an sauko, don matan da suka shige ɗaka su fito su ci gaba da harkarsu.

Ku da kuka tashi a gidajen siminti masu rufi, ƙila ku ce wannan ƙauyanci ne. To ku tuna tsakar gidan kakanninku. Nan ake daka, nan ake wanki, nan mace take zama da ɗaurin ƙirji in zafi ya matsa, makewayi kuma ba shi da rufi sai sararin Allah. Katanga ita ce suturar gida, amma an gina ta ne daidai tsawon mai tafiya a ƙasa. Wanda ya hau bisa ya wuce ta.

Wani aiki a cikin Birni ba na mance shi. Na yi sallama a wata katanga har maƙogwarona ya bushe, shiru. Ashe tsohuwa ce a ciki, kunnenta ya yi nauyi, jikokin kuma sun tafi lekol karatu. Muna jin motsinta tana shara. Malam Tukur ya shimfiɗa buhu a inuwa ya zauna, tun hantsi har aka kira azahar. Mai aikin ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, yana cewa ƙwallo za a buga da yamma kuma ya gayyaci mutane, soro nasa ne, da kuɗinsa ya gina. Malam Tukur ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Soron naka ne. Abin da ake gani daga bisansa ba naka ba ne." Sai da yaran suka dawo suka gaya wa kakarsu, ta amsa, sannan muka hau.

Da kamera ta shigo gari ubangidana ya riga ya kwanta dama, tsanin yana hannuna. Ƴan kasuwa ne suka fara kawo ta, musamman Kanawa masu mangaza, manyan ɗakunan ajiyar kaya, a Zango, su da suka gan ta a can gida. Da hannu na koye ta, ba wanda ya zaunar da ni. Ga jakata nan, ku buɗe ku gani: injin huda, turnabis manya da ƙanana, abin matse bakin kabil, ɗan ekran da nake ratayawa a wuya in ga abin da kamera take gani tun ina kan tsani, sai almakashin yankan kwano. Kullum a kan almakashin nan kuke dariya, wai me ya haɗa mai kamera da maƙeri. Ku yi haƙuri, za mu zo wurin.

An taɓa kirana wani butik, shagon kaya, a bakin tasha, wai kamerarsu ta daina nuna ƙofa, ƙasa kawai take nunawa da ƙafafun mutane. Na tarar da ita tana reto a jikin kabil. Bangon ƙasa ne aka yi wa fuskar siminti, wanda ya kafa ta kuma ya cusa ƴan robobin nan da suke zuwa a cikin kwali, waɗanda aka yi don bangon dutse. Iskar damina ta farko ta tumɓuke su. Bangon ƙasa sai ka fafe shi, ka binne guntun azara, ka yaɓe, ka tafi gida ka bar shi ya bushe, sannan ka dawo ka ɗaura a jikin icen. Mai butik zai ce ka cika ja, ga wane yana gamawa a yini ɗaya. Ka ce masa ya kira wane.

Wani mai mangazar hatsi kuma an kwashe masa buhuna ranar Juma'a ana masallaci. Ya zo da ƙarfin gwiwarsa, ai yana da kamera. Muka buɗe akwatin da ke ajiye hotuna, ga ɓarayin nan ƙuru-ƙuru har da amalankensu. Amma kwanan watan da ke jikin hoton ya nuna shekarar da ko tubalin mangazar ba a buga ba. Duk lokacin da aka ɗauke kuran, agogon cikinta sai ya koma ranar da aka ƙera ta. A komisariya ƴan sanda suka ce masa wannan ai tsohon hoto ne, ina shaidar na jiya ne? Tun daga nan ba na kafa wa kowa kamera sai da batir, in da hali har da panno na sola a bisa rufi yana shan rana. Wanda ya ce batir ya yi tsada, in ce masa ya nemi kare.

A Tirmini na sa wa wani mai rumbunan gero irin wadda take buga salula in ta ga motsi. Ba a jima ba ya kira ni yana faɗa. Ƙadangare ya mayar da kanta wurin shan hantsi, duk gyaɗa kan da zai yi sai salula ta yi kuka. In ƙadangare ya tashi awaki su karɓa, in awaki sun wuce gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashi. Mutumin ya gaji ya kashe ƙarar gaba ɗaya, kamerar ta koma ado. Ga kuma rezo, layin sadarwar salula. Kana zaune a ƙofar shagonka, kamera tana bisa kanka, amma hoton sai ya ƙetare teku ya je wata ƙasa ya gaida masu ita kafin ya dawo salularka. In forfe, kuɗin intanet ɗin da ka saya, ya ƙare ko rezo ya faɗi, ba za ka ga ƙofar ba, kai da kake zaune a bakinta.

Da masu ƙera abin nan za su zo su zauna a kan bencin da kuke zaune, da na gaya musu. Ku sa wa agogonta ɗan batir nata na kanta. Ku koya mata ta bambanta akuya da mutum, yaron goye ma ya iya. Ku bar ta ta yi magana da salular maigidanta kai tsaye in suna gida ɗaya. Ku yi jikinta da abin da zai jure bazara, don ranarmu tana narkar da roba. Ku sa ta ƙi tashi sai an canza kod ɗin sirrin da ta zo da shi, tunda mutanenmu kod ɗaya suke sa wa komai, kuma kafin sati mai shayi ma ya san shi. Waɗannan duk ƙanana ne. Babbar buƙatata daban take, kuma ita ce ta ci mini shekara guda.

Alhaji Sabo Bakano ne mai sayar da atamfa da shadda, ya daɗe a Damagaram har ya fi wasunmu sanin lungunan Zango. Shi ne babba a cikin Kanawan kasuwa. In ya ce wane ya iya aiki, kakarka ta yanke saƙa. In ya yi shiru a kanka ma an gane. Ni nake yi masa aiki tun yana da shago ɗaya. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. An taɓa shiga tsohuwar mangazarsa ta katangar baya aka yi masa ɓarna mai yawa, abin bai bar ransa ba. Da ya gina bene a Zango, mangaza a ƙasa biro, wato ofis, a bisa, sai ya sayo wata babbar kamera daga Kano, mai juya kai ko'ina, mai jawo nesa kusa har ka ga zaren da ke jikin maɓallin riga. Ya ce a kusurwar benen ta baya yake son ta, can ƙololuwa, ta tsare masa katangar baya, kuma duk mai wucewa ya gan ta ya shiga taitayinsa.

Bayan katangar nan gidan Ya Fanna ne, wata tsohuwa Babarbariya da mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita da ɗiyarta Hadiza da jikoki mata suke matsar man gyaɗa suna suyar ƙuli-ƙuli. Danginsu na Dakusa suke aiko musu da gyaɗar. Duk abin da gidan yake ci daga tsakar gidan nan yake fitowa: nan murhu yake, nan turmi, nan ake shanya.

Na yi sallama a katangarta kamar kullum. Ta amsa da murya garau, ta ce a hau, har da tsokana, wai in yi sauri kada gyaɗarta ta ƙone. Na bi matakala na hau rufin bene, na jingina tsani a kusurwa, na riƙe kamerar a inda Alhaji yake so, na duba ɗan ekran ɗin wuyana. Ga katangar baya ta fito. Ga kuma gidan Ya Fanna gaba ɗaya a tafin hannuna: kasko a kan wuta yana hayaƙi, taɓarya a jingine, ƙofofin ɗakuna, makewayi da butar da ke cikinsa da zanen da aka rataya a bakinsa. Ba kowa a fili, duk sun shige ɗaka suna jira in ce an sauko. Nan na gane. Ni zan sauko. Abin da ke hannuna ba zai sauko ba, kuma bai yi wa kowa sallama ba.

Ga amfanin almakashin da kuke wa dariya. In kamera ta ɗan leƙa gidan wani, sai in yanka kwano in yi mata shamaki ta wannan gefen, in ɗaure da ƙusa, in kira maƙwabcin in nuna masa ekran ya gani da idonsa. Amma a nan katangar da Alhaji yake son gani ita ce katangar Ya Fanna. In na rufe gidan na rufe katangar. Na sauko da kamerar a hannu, na ce an sauko, na sami Alhaji. Na ce a kai babbar gaba ta kalli titi da shamaki a ƙeyarta, in sa masa ƙanana biyu a ƙasa, cikin harabarsa, suna kallon katangar daga ɓangarensa. Ko ɓera ya hauro za su gan shi.

Alhaji ya ce a'a, ƙanana a ƙasa ɓarawo zai jefa musu tsumma. Kuma wanda ya sayar masa ya nuna masa dabara: ana zana baƙin tabo a kan hoton, ya rufe duk inda ba a so a gani. Na ce na san tabon. Ba a idonta yake ba, a cikin ƙwaƙwalwarta yake, idon yana gani sarai. Ran da kuran ya yi mata wasa ta mance saitinta, tabon zai tafi tare da agogo, kuma mai babban kod zai iya share shi da ɗan yatsa.

"Malam Ila," ya ce, "kana nufin ni zan zauna ina leƙen matan mutane?"

"Ban ce ba, Alhaji. Amma ko limamin Juma'a ne zai hau bene, sai ya yi sallama."

"Benena ne. Kuɗina ne."

"Benen naka ne," na ce. Sauran maganar ban ƙarasa ba, na ga ba ranar jinta ba ce. Na naɗe kabil ɗina, na saɓa tsani.

Washegari wani matashi mai suna Bashir, irinku, mai saurin hannu, ya kafa ta kafin la'asar, ya zana tabon, aka sallame shi. Alhaji bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi a majalisarsu Ila ya bar aiki ya koma wa'azi. Shi ke nan. Waɗanda suka yi mini alkawarin aiki suka daina ɗaga salula. Wanda na daɗe ina yi wa hidima, in tasa ta lalace sai in ga Bashir ko wani irinsa a jikin bangonsa. Na koma gyaran fanka da caja. Na sayar da dogon tsanina na ƙarfe, na koma kan na icen da na gada. Da damina ta faɗi na tafi Tirmini na taya yayana noma don a sami na tuwo. Abokan sana'a suna cewa ni na jawo wa kaina, wa ya naɗa ni mai unguwa? Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba, har nakan canza hanya don kada in ga benen nan. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Tun kafin daminar, ana tsakiyar bazara, kabu-kabu, mai babur ɗin haya, ya sauke Ya Fanna a ƙofar shagon nan. Ban taɓa ganin fuskarta ba sai ranar, murya na gane. Ta ce tun farko ta kai kuka wurin mai unguwa, an kira Alhaji, ya buɗe salula ya nuna musu baƙin tabo a kan gidanta, mai unguwa ya ce to ai magana ta ƙare. Amma su suna ganin abin yana juya kai, wani lokaci ya tsaya cak yana fuskantar makewayi.

"Ɗana, kai ne ka hau ka gani. Gaya mini tsakaninka da Allah, yana ganinmu?"

Na ce mata idonsa yana gani, dare da rana. Ko mutum yana gani, wannan ya danganta da tabo da kuma tsoron Allahn mai riƙe da salula.

Ta ce, "To yana ganinmu."

Ta gaya mini sun mayar da murhu cikin ɗaki. Ku da ba ku taɓa tsayawa a kan kaskon gyaɗa ba, ku ƙaddara suya a ɗaki mai ƴar taga ɗaya a watan bazara. Na je da guntayen kwanon da nake da su na rufa musu makewayi, iyakar ƙarfina ke nan. Tsakar gida ba ta rufuwa, shanya tana son rana, wuta kuma ba ta zama a ƙarƙashin zana. Man ya ragu, masu sari suka koma wani gida. Hadiza ta kwashe ƴaƴanta ta koma Dakusa, ta ce ba za ta reni ƴan mata a ƙarƙashin idon da ba ya ƙiftawa ba. Ya Fanna ta ƙi tashi. Ta ce gidan nan aka kawo ta tana amarya, ba ƙarfe ne zai kore ta ba. Ta ci gaba da ƴar suyarta a ɗaka ita kaɗai, hayaƙi ya kama mata ƙirji.

A ƙarshen damina aka yi wani ruwa mai tsawa, kuran ya tafi ya dawo da ƙarfi, ya ƙone akwatin hotunan Alhaji, kamerorin mangaza duk suka makance. Bashir kuwa ya daɗe da tafiya arewa haƙar zinariya, babban kod ɗin yana cikin kansa, salularsa ba ta shiga. Wannan ma ku riƙe: kod na mai kaya ne, ka damƙa masa abinsa, kai ba ka san inda gobe za ta kai ka ba. Alhaji ya gwada wasu, suka ce sai dai a zubar a sayi sabbi. Kaya kuma sun cika mangaza. Sai ya aiko direbansa. Na ce a gaida Alhaji, a ce masa shagon yana nan inda ya san shi.

Ya zo da kansa. Ya zauna a bencin nan, muka gaisa har da tambayar iyali kamar jiya muka rabu. Ya ce kamerorin duka sun mutu ban da babbar, ita layinta daban, tana nan tana aika hoto. Ya jujjuya salula a hannu. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, tabon nan ya tafi tun cikin azumi, kuma ba kod ɗin da za a mayar da shi. Ya buɗe wata rana ya ga tsohuwar a bakin randa tana alwala, kanta ba ɗankwali, furfura a waje. Ya kife salular, tun ranar bai sake buɗe wannan ba. Na tambaye shi me ya hana ya sauke ta. Ya ce da wane ido zai dubi majalisa, bayan abin da ya faɗa a kaina.

"Kai ka daina buɗewa, Alhaji. Yaran shagonka fa? Mai gadi fa? Ba duka aka sa musu ita a salula ba?"

Ya cire hula ya share gumi ya mayar.

Na ce zan yi aikin kamar yadda na saba yi masa. Amma babbar za a fara saukewa, yau, da rana tsaka, kuma sallamar ba ni zan yi ba. Ya dube ni ya ce, shi? Na ce ai shi ya hau, ni saukowa na yi.

Muka tsaya a lungun bayan bene, ni da tsanin ice a kafaɗa, shi da babbar riga, masu kabu-kabu da ke fakewa a inuwa suna kallo. Ya matsa jikin katanga ya yi sallama a hankali kamar mai gaida maras lafiya. Shiru. Na ce ba a ji ba. Ya sake, ya ɗaga murya har ta fashe: "Salamu alaikum masu gida, za a hau bisa."

Tari muka fara ji, mai tsawo, daga can cikin ɗaki. Sannan muryar ta zo, ba irin wadda ta tsokane ni bara ba, ta dushe.

"Wa alaikumus salam. A hau. An shekara ana bisanmu, sai yau aka yi sallama."

Alhaji ya tsaya da hannunsa a jikin katanga. Ni na hau. Ba yadda za ka kwance ƙusa ido rufe, don haka na ga tsakar gidan. Ciyawa ta tsiro a tsakanin duwatsun murhu, turmi yana kife. Na kwance kamerar, na yanke kabil ɗin daga tushe don kada wani ya tarar da wuri a shirye ya mayar, na sauko da ita na miƙa wa mai ita. Tana nan a gaban mangazarsa har yau tana kallon titi, da shamakin kwano a ƙeyarta. Ƙananan biyu suna ƙasa suna tsaron katanga, ba wanda ya jefa musu tsumma.

Hadiza ba ta dawo ba, ta kafa sana'arta a Dakusa. Tarin Ya Fanna bai sake ta ba. Aikina ya dawo, ba duka ba, kuma ban bi kowa na roƙa ba. Har yau masu ƙera kamera ba su yi wadda take da murfi na gaske a gefen idonta ba, wanda mace za ta ɗaga kai daga tsakar gidanta ta gani da idonta cewa an rufe ɓangarenta. Babbar buƙatar da na ce muku ke nan. Kafin su yi, almakashina yana cikin jaka. Mai son aiki a wurina zai fara da ɗaukar tsani da bin katanga. Wanda ya ga ƙauyanci ne, masu koyarwa a bidiyo suna nan suna jiransa.

Ranar nan, da na miƙa wa Alhaji kamerarsa, ya rungume ta ya juya zai tafi. Na ce ya dakata, ba a gama ba. Shi rabin farko kawai ya sani. Na matsa jikin katangar, na ɗaga muryar da Malam Tukur ya horar, na ce, "Ya Fanna, an sauko."

Aka ɗan jima. Sai muka ji ƙarar ƙyaure, sannan ƙarar kasko ana jan shi a ƙasa. Babban kasko ne, ba na mutum ɗaya ba. Ta ja, ta huta, ta yi tari, ta sake ja. Muna tsaye a bayan katanga muna ji har ta kai shi kan murhu.